Shekarar da Muryar Inna Ta Koma Tsakar Gida

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidajen dangi: wai kwamfuta ce ta kore ni daga aiki. Wai da aka kwashe tafiretoci daga ofishinmu na Tambuwal aka kawo na'urori, sai uwarku ta rasa inda za ta sa yatsa, ta tattara kayanta ta koma Kebbe. Ban taɓa tsayawa gardama da masu faɗin haka ba, domin lokacin hannuna cike yake da abin da ya fi gardama daɗi. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, kuma ke Zainab kin matsa in rubuta, bari in faɗa muku yadda aka yi.

Gaskiya ne na yi shekaru masu yawa ina buga tafireta. Amma ranar da aka ajiye kwamfuta ta farko a teburina, ji na yi kamar an ba ni sabon hannu. In na yi kuskure ba sai na yaga takarda ba, in goge kawai in ci gaba. Kafin damina ta zagayo ni ce nake koya wa maza abokan aikina, har na sayi tawa ta hannu, irin wadda ake ɗorawa a cinya. Saboda haka ne ma aka kira ni aka miƙa mini takarda cewa ana so in koma Sakkwato da ƙarin girma, in riƙa koyar da masu buga takardu. Aka ba ni wata guda in ba da amsa. Ranar na dawo gida ina tafiya kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa, babanku kuwa ya karanta takardar sau biyu yana murmushi.

A wannan shekarar ce muryar kakarku Inna ta tafi. Ku ƙanana ba ku riske ta da ƙarfinta ba. Kowace Alhamis bayan hantsi tsakar gidan Kebbe cika take yi da mata. Wasu daga cikin gari, wasu a kan babura daga Fakku, ga matan ruga da ke jera ƙoren nononsu a bakin ƙofa su shigo su zauna. Inna tana karantar da su alwala da salla da wankan gawa da haƙƙin maƙwabci, kuma yawancin karatun a waƙe yake, wani da Hausa wani da Fillanci, yadda ta ɗauko daga bakin mahaifiyarta. Babu ko baiti ɗaya da aka rubuta. Sai ta yi wani ciwon maƙogwaro da ya kwantar da ita watanni. Ta tashi lafiya, hankalinta garau, amma murya ta koma raɗa. In ba kunnenka na kusa da bakinta ba, sai dai ka ga leɓe yana motsi. Na je gaishe ta wata Alhamis na tarar mata uku na gaba ne kawai ke ji, na baya suna ta miƙa wuya, wasu har sun fara hirarsu. Da aka watse ta jawo ni kusa da ita.

"Balki, na gama," in ji ta. "Bayan salla in sallame su. Mi nika ba su in ba su ji?"

Na dawo Tambuwal da wannan maganar a ƙirjina. Kwana biyu bayan haka aka yi wani taron bita a ofis, wani baƙo ya zo yana bayani. Mutumin siriri ne, muryarsa ba ta kai ta kawo ba, amma ana jin sa har ƙarshen ɗaki. Na duba hannunsa babu komai. Can na hango wani ɗan baƙin abu kamar ƙwaro maƙale a wuyan rigarsa, ga lasifika can gefe, babu waya ko ɗaya a tsakaninsu. Wallahi ban san abin da ya faɗa ba daga nan har aka tashi. Ana tashi na ɗauki kwamfutata na nufi kasuwa, shagon Malam Lawali mai gyaran na'urori, wani dattijo da ya fara da gyaran rediyo tun muna 'yan mata.

Na faɗa masa abin da nake so: Inna ta yi magana, mata su ji, kuma maganar ta zauna a cikin kwamfuta kada ta ɓace. Ya ɗauko ɗan makirfo mai maƙali, da wani ɗan abu kamar ɗan yatsa wanda ake sokawa a gefen kwamfuta don ya karɓi maganar makirfon. Ya ɗauko lasifika mai girman bulo wadda ita kuma ta bulutut take haɗuwa da kwamfuta, wato ta iska, ba igiya. Ya ƙi taɓa komai da hannunsa.

"Hajiya, ni ba ni zuwa Kebbe," in ji shi. "Ke za ki yi, in tsaya in gani. Danne wanga maɓalli, kada ki saki sai kin ga wuta tana ƙyaftawa. In tana ƙyaftawa, nema take. Sai ki shiga kwamfuta ki ce ita ma ta nema."

Na danne. Wuta shuɗiya ta fara ƙyaftawa. Na buɗe wurin bulutut a kwamfuta, na ga ɗan da'ira yana juyawa, sai ga sunan lasifikar ya fito. Na taɓa shi. Lasifikar ta yi wani ɗan ƙara, wutar ta tsaya cak. Ya nuna mini inda zan gaya wa kwamfuta ta miƙa abin da makirfo ya ji zuwa lasifika, sannan ya maƙala mini makirfon a mayafi ya ce in yi raɗa. Na ce "Bismillahi" a hankali, yadda Inna take yi. Sai na ji bismillata ta cika shagon har mai sayar da lemo a waje ya waigo. Na yi dariya kamar yarinya, na sake faɗa, na sake. Malam Lawali ya kashe komai ya ce in fara daga farko. Sau biyar ya sa ni na yi, har na iya.

Ran Laraba na kama hanyar Kebbe. Kun san hanyar nan da damina. Inda mota ta tsaya na hau babur ɗin Ɗanjuma, maƙwabcin gidan Inna, magidanci mai son raha. Na rungume jakar kamar jariri. Da muka isa ya tambayi abin da ke ciki, ni kuma ɗoki ya hana ni yin shiru. Na fito da lasifikar na nuna masa. Ya ce bari ya gwada da wayarsa. Na danne masa maɓallin da kaina, ina alfahari na iya, ya sa kiɗa muka ji, ya yaba, na shige gida.

Baffanku Bello, yayan babanku, shi ne ke riƙe da zaure da makarantar maza. Da ya ji abin da na zo da shi bai ji daɗi ba. Ya same ni a bakin ɗakin Inna.

"Balkisu, muryar tsohuwa za ki fitar titi?" ya ce. "Shekara nawa tana karantarwa ba a taɓa jin ta a waje ba. Yanzu da tsufanta za a mai da ita abin kallo?"

"Yaya, ba za ta wuce katanga ba," na ce. "A bar ni in gwada sau ɗaya."

Ya gyara rawaninsa ya koma zaure.

Da safiyar Alhamis tsakar gida ta cika fiye da kullum, domin labari ya zaga. Na maƙala wa Inna makirfo a bakin mayafi, na ajiye lasifika a kan turmi a gindin darbejiya, na kunna. Wutar ba ta ƙyafta ba ma, tsayawa ta yi cak, alamar ta haɗu. Na ce a raina lallai na ƙware. Na yi wa Inna alama. Ta buɗe baki ta fara, babu abin da ya fito. Na duba kwamfuta, ta ce ba ta ga lasifika ba. Na kashe bulutut na kunna, shiru. Mata sun zuba mini ido. Ina cikin haka sai lasifikar ta fashe da kalangu, irin na gidan biki, da ƙarfin da ya sa kaji suka watse. Wata mata ta yi tsalle ta bar takalmanta. 'Yan matan baya suka tuntsire da dariya. Ashe Ɗanjuma ne a bayan katanga yana wanke babur, ya kunna kiɗa a wayarsa yana mamakin me ya sa ba ya jin komai, yana ta ƙara murya. Kafin in lalubo maɓallin kashewa Baffa Bello ya riga ya shigo, ɗalibansa na leƙe ta bayansa.

"A fitar da abin nan daga gidan nan," ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Da mata suka watse Inna ta shigo tana dogara sanda. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai na ga kafaɗunta suna rawa, hawaye na zuba, dariya take yi marar sauti.

"Kin ga tsallen da Hajo ta yi?" ta raɗa mini. Da ta natsu ta kama hannuna. "Abin nan shina da murya, ɗiyata. Tafi ki gano mi ya hana shi ɗaukar tawa."

Asabar ina shagon Malam Lawali. Ban gama ba shi labari ba ya tambaye ni ko wani ya taɓa haɗa lasifikar da wayarsa. Na ce Ɗanjuma. Ya ce to ai shi ke nan, ita lasifikar tana riƙe wanda ta yi hulɗa da shi na ƙarshe, da an kunna ta shi take fara nema, in ta same shi kusa kuwa ba ta sauraron kowa. Ya nuna mini yadda ake danne maɓalli biyu tare har ta manta da duk wanda ta sani, sannan a goge sunanta a kwamfuta a sake gabatar da su kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Ya ce in sa Ɗanjuma shi ma ya goge ta a wayarsa. Sannan ya zaunar da ni ya riƙa lalata haɗin da gangan yana cewa in gyara. Ya juya baya ya zare ɗan abin da ake sokawa, na gano. Ya ba ni makirfon da cajinsa ya kusa ƙarewa, magana tana yankewa, na gano. Ya kai lasifikar bayan shagon maƙwabcinsa, na gano. Duk wanda na gano sai in ji wani daɗi ya ratsa ni, irin wanda ban ji ba tun ranar da na fara haɗa baƙi na karanta. Na fito daga shagon la'asar sakaliya, na manta ko abincin rana ban ci ba.

Saura Baffa Bello. Wannan ba aikina ba ne, Inna ce ta aika a kira shi ran Laraba da yamma. Ya zo ya durƙusa, ya kawo kunnensa kusa da bakinta. Ina gefe ina jin abin da take cewa.

"Malam, gobe ka tsaya ƙofar gida ta waje. In ka ji muryata, ka shigo ka ɗauke shi da hannunka. In ba ka ji ba, ka bar ni da ɗiyana."

Ya ce to.

Washegari matan ba su kai na makon jiya ba, wasu mazansu sun hana. Na sa Ɗanjuma ya goge lasifikar a gabana, har ya rantse zai kashe wayarsa gaba ɗaya. Na ajiye kwamfuta a cikin ɗakin Inna saboda rana, na haɗa komai, na rage murya. Inna ta fara. Kalma biyu suka fito sarai, sai magana ta fara tsinkewa kamar mai shaƙuwa, sai ɗif. Na ji wata ta ce, "Ga shi kuma." Amma wannan karon zuciyata ba ta faɗi ba. Na dubi wutar lasifika, tana ƙyaftawa, nema take. Caji cike yake, da kaina na cika shi da sola. Babu wayar kowa. Na dubi bangon ɗakin Inna, ginin ƙasa na da, mai kaurin kamu biyu, na tuna bayan shagon maƙwabcin Malam Lawali. Na shiga na ɗauko kwamfutar na ɗora a kan kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa, inda take kallon darbejiya. Ban ma taɓa komai ba, lasifikar ta yi ɗan ƙaranta, wuta ta tsaya.

Inna ta ja baitin farko na waƙar alwala. Muryarta ce, da 'yar rawar tsufa da komai, amma ta kai har bakin rijiya. Sai ta tsaya tana waige-waige.

"Wa ka maimaita ni?" ta ce, wannan ma ya fito a lasifika.

Mata suka yi dariya. Na gaya mata maganarta ce ke ɗan makara kafin ta fito, na matsar da lasifikar nesa da ita na juya bakinta wajen mata. Ta sake farawa. Da ta kai ƙarshen baiti, tsakar gidan gaba ɗaya ta amsa. Ban san yadda zan kwatanta muku wannan amshin ba. Wata tsohuwar Bafulatana da ke zama can ƙarshe kusa da ƙoren nono, wadda ta yi watanni ba ta jin karatun amma ba ta fasa zuwa ba, ta rufe fuska da mayafi tana amsawa tana kuka. Ni kuwa ina durƙushe gaban kwamfuta ina kallon layin da ke nuna ana ɗaukar magana yana hawa yana sauka, ina ta cewa alhamdulillahi a raina. Har aka shafa fatiha Baffa Bello bai shigo ba. Daga baya matarsa ta gaya mini ya tsaya a waje bai ji komai ba, sai ya dawo cikin zaure ya jingina da ƙofar ciki, a nan ya tsaya har aka gama.

A daren ban yi shawara da kowa ba, da safe na riga na san abin da zan yi. Na koma Tambuwal na gaya wa babanku ba zan je Sakkwato ba, kuma aikin ma zan ajiye. Abin da ke kan Inna ba na Alhamis kaɗai ba ne. Akwai waƙoƙin da ba ta taɓa kaiwa gare su a karatu ba, kuma babu wanda ya san kwanakin da suka rage mata. Babanku ya dube ni.

"Kin san abin da kike bari?" ya ce.

"Na sani, Malam."

"Uwata ce, ba zan ce kada ki je ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, na so in gan ki a can."

Ni ma na so. Kada wani ya ce muku ban ji zafi ba. Ƙawata da na koya wa kwamfuta da hannuna ita aka ba wurin, ta yi gaba sosai, har yau in na ji labarinta wani abu yakan ɗan motsa mini. Na kwashe ku muka koma Kebbe, babanku ya zauna Tambuwal shi kaɗai yana zuwa mana ƙarshen mako a kan wannan hanya. Ke Zainab aka cire ki daga makarantar da kike so, kika yi wata biyu ba ki yi mini magana mai daɗi ba, kuma kina da gaskiya.

Amma shekarar nan ita ce mafi daɗi a rayuwata. Na koma wurin Malam Lawali na karɓo allon buga rubutu marar waya, na haɗa shi da kaina ba tare da ya ce uffan ba. Kullum da hantsi sai in zauna a tabarma gwiwata na gogar ta Inna, allon a cinyata, kwamfuta can a kan kujera. Tana raɗawa ina bugawa, in na yi kuskuren Fillanci ta ɗan buge mini hannu. Matan da aka hana suka dawo, har da waɗanda ba a taɓa gani ba. Ranar da batirin allon ya mutu a tsakiyar waƙar rabon gado, na cire na tocilan na sa muka ci gaba. Ranar da ɗan abin sokawa ya ɓace muka juye ɗaki, ashe yana cikin ƙullin goron Inna, ta ɗauka wani abin daraja ne ta adana mini. Muka gama waƙa ta ƙarshe ana girbin gero. Ta rasu bayan ƙaramar salla, ranar wata Talata da azahar, ba ta yi jinya mai tsawo ba.

Bayan sadakar arba'in ina haɗa kayana Baffa Bello ya yi sallama a bakin ɗaki. Bai taɓa ce mini komai game da na'urorin ba tun ranar kalangu. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

"An ce kin ajiye karatunta," ya ce. "Ko zan ji kaɗan?"

Na kunna lasifika, na jira wuta ta tsaya, na buɗe na wata Alhamis da hannuna ya faɗa a kai. Wannan ɗin ya fi sauran tsawo, ban taɓa sauraronsa har ƙarshe ba. Muka ji karatu, muka ji fatiha, muka ji hayaniyar mata suna fita da muryata ina raka su. Ashe ranar na manta ban tsayar da ɗauka ba, makirfon yana maƙale a mayafinta. Na kai hannu zan kashe, sai muka ji numfashinta, ita kaɗai a tsakar gida, tana addu'a. Ta roƙa wa matan da suka zo, ta roƙa wa iyayenta. Sannan ta ce, "Allah ka yi wa Bello albarka. Allah ka sanyaya mai zuciya, ka dafa mai yadda ya dafa min."

Ku ba za ku gane nauyin wannan ba sai na faɗa muku. Baffanku ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa a gaban kowa ba, ba ta taɓa yaba masa a fuskarsa ba. Yana da furfura a gemu ranar, kuma ranar ce ya fara jin sunansa a bakin uwarsa.

Ya ɗauki gefen rawaninsa ya rufe ido. Kaji na kiwo a gabanmu. Can ya share murya.

"Balkisu," ya ce, "mayar da shi baya kaɗan."

Na mayar.